Ɗakin Ukasha Mai Haɗiye Magana

Duk faɗin Mamobi babu sana'ar da Ukasha bai iya ba, in dai da baki ake yin ta. Aikinsa na gaskiya sayar da caja da wayar kunne ne a kan wani ɗan tebur a shataletalen Circle. Amma tun ranar da ya taya wani mai kiɗan biki ɗaukar sifika daga mota zuwa rumfa, ya raɗa wa kansa suna Injiniya, kuma duk wanda ya kira shi Ukasha gatsau sai ya yi kamar ba da shi ake ba.

Wata Litinin bayan la'asar ana zaune a bes, inda mazan layin ke taruwa shan shayin ataya, sai ga Alhaji Issah ya tsaya gaisawa. Borga ake ce masa, sunan da ake ba duk wanda ya dawo daga ƙasar waje, don shekara ashirin da biyu ya yi a Jamus kafin ya dawo ya gina bene a Kawukudi. Ya dawo da sifiku biyu masu tsayin mutum da akwatuna cike da tsofaffin fayafayan garmaho, ya ware ɗaki guda don sauraronsu kawai. Aka ba shi kujera, aka miƙa masa kofi, sai ya fara kuka da ɗakin.

"Ɗakin nan ya ishe ni," in ji shi. "In na sa faifai, mawaƙi ɗaya sai ya koma uku, kowa na ƙoƙarin riga ɗan'uwansa. Ko tari na yi sai bango ya mayar mini da abina. A can Jamus akwai wasu alluna da ake kafa wa bango su shanye amsa-kuwwa. A nan ban san wanda zai yi mini ba."

Ukasha ya ajiye kofinsa a hankali, ya gyara wuyan riga.

"Alhaji, ai da ka tambaya tun farko. Wannan aikina ne. Ni sauti tsorona yake ji. In na shiga ɗaki, amsa-kuwwa da kanta take neman ƙofa."

Jamiu, abokinsa tun suna yara, wanda yake kafinta ne mai haɗa kujerun kushin, ya ƙware da ataya har sai da aka bubbuga masa baya.

"Kai, Ukasha? Tun yaushe?"

"Tun kana koyon riƙe zarto."

Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa. "A ina ka taɓa yi, in je in gani?"

Ukasha ya buɗe baki, ya nemi sunan wani wuri ya rasa. Abin da ya fito shi ne, "A ɗakina."

"Yoo. Asabar bayan la'asar ina nan tafe. In ya yi mini, aikin ɗakina naka ne. Kuma akwai abokaina uku da muka dawo tare, duk ciwonmu ɗaya."

Ɗakin da ake magana kuwa ɗaya ne daga cikin ɗakuna goma sha biyu na gidan hayar Hajiya Lariba mai wake da shinkafa, kuma babu komai a bangonsa sai kalanda da madubin matarsa Adiza.

A hanyar gida Jamiu ya cim masa.

"Cale, abokina, ka san abin da ka ɗauko kuwa? Sai an haɗa firam na katako, a cika shi da wata auduga mai kauri da ake sayarwa a shagon kayan gini, a rufe da yadin da iska ke ratsawa. Ka bari in taya ka."

"Ka taya ni? Jamiu, kai aikinka na inda mutane ke ɗora mazaunansu ne. Ni nawa na kunne ne. Kowa ya tsaya a gefensa."

Yana isa gida ya buɗe waya ya nemo bidiyo. Wani Bature ne a tsaye a ɗakin da bangonsa ya yi tudu-tudu. Baturen bai gama gaisuwa ba data ta ƙare. Ukasha ya yi dariya shi kaɗai. Ai ya gani da idonsa: kiret ɗin ƙwai ne kawai suka shafa wa baƙin fenti suna ruɗin mutane.

Ranar Talata bai buɗe tebur ba. Ya bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya, daga Nima har Kawukudi, yana karɓar tsofaffin kiret. Ya ɗaure su da igiya, tulin ya fi shi tsawo. Ya tsayar da tirotiro, motar haya, kwandasta na farko ya dube shi ya rufe ƙofa. Na biyu ya ce sai dai kayan su shiga shi ya biyo a ƙafa. Haka ya ɗora a ka ya taho, tulin na rangaji, yana cin karo da rumfunan mutane ana zaginsa da yare huɗu.

Hajiya Lariba na tsakar gida tana kankare tukunya ya shigo a durƙushe don kada tulin ya taɓa saman ƙofa.

"Ukasha, kiwon kaji za ka fara mini a gida?"

"Hajiya, kimiyya ce."

"Kimiyya ce take wari haka?"

"Sabuwa ce, Hajiya. In ta sha iska zai tafi."

Gam ya yi masa tsada a ido, don haka ya ɗebi garin rogon Adiza ya dama a babbar tukunyarta, ya shafe bango da shi, ya liƙa kiret tun daga ƙasa har silin. Da Adiza ta dawo daga kasuwar Nima, inda take sayar da kayan yaji, ta tsaya a bakin ƙofa da kwando a ka.

"Maigida, me ya sami ɗakin?"

"Arziki ne ya same shi. Nan da wata guda Borga huɗu za su riƙa layi a ƙofar nan."

"To garin tuwona fa?"

"Yana bango yana mana aiki."

Da gari ya waye aka ga wanda garin ya yi wa aiki. Kiyashi sun ja layi uku daga bakin kwata har cikin ɗakin. Kyankyasai kuwa ba na gidan kaɗai ba, har na maƙwabta sun zo ziyara da iyalansu. Kiret suka fara saki suna faɗowa ɗaya-ɗaya, wani ya faɗo cikin kokon da Ukasha ke sha. Matan gida suka fito da tsintsiya da takalma, ana duka ana tsalle ana salati. Wata ta tattare zani ta hau kan turmi ta ce ba za ta sauko ba sai an yi feshi.

"Gwajin farko ne," in ji Ukasha, yana kakkaɓe wando. "Su ma Turawan sai sun gwada."

"A gidan ubansu suke gwadawa," in ji Hajiya Lariba.

Ya kwashe kiret ya kai bola, ya wanke bango, sannan ya bi ta shagon Jamiu kamar wucewa kawai yake yi. Ya ce ya tuna akwai wata hanya ta biyu, wadda ake yi da firam na katako, ba lallai Jamiu ya taɓa jin labarinta ba. Jamiu ya tara masa ragowar katako, ya ɗora masa tef na awo a kai. Ukasha ya mayar da tef ɗin.

"Idona shi ne awo."

A tsakar gida ya baje. Ya yanka, ya buga, ya daki yatsansa sau biyu ya ce da gangan ne, yana gwada nauyin hamar. Kafin azahar ya haɗa firam shida manya-manya, ya jingina su a bango ya ja da baya yana kallo yana kaɗa kai. Ya ɗauki na farko ya nufi ɗaki. Firam ya ce bai san zancen ba. Ya juya shi a tsaye, ya ƙi. Ya kwantar, ya ƙi. Ya karkata shi, ya shiga kashi ɗaya cikin uku ya cije. Maƙwabta suka taru suna ba da shawara.

"Ka cire ƙofar."

"Ka cire kwanon rufi ka zura ta sama."

"Ka bar su a nan, ka fito da ɗakin waje."

Ukasha ya ɗauko zarto ya raba kowane firam biyu, ya toshe bakin da guntayen katako.

"Kun gani? Da shida ne, yanzu goma sha biyu. Wanda bai san aiki ba sai ya ɗauka kuskure ne."

Saura abin cikawa. Ranar Alhamis ya je wurin masu sayar da kwakwa a Circle ya roƙi ɓawo, ya cika buhu biyu da jiƙaƙƙen zarensa. Ya tsefe ya cusa, firam biyar suka cinye shi tas. Saura bakwai suna kallonsa da baki buɗe. Ya zauna a bakin gado yana tunani, ya danna hannu a katifa, ya sake dannawa. Katifar Adiza ce, mai kauri, da ita ta zo gidan aure. Ya leƙa tsakar gida, ya ga ba kowa. Ya kife ta, ya farke ɗinkin ƙasa, ya sa wuƙar burodi ya yi ta yanko soso fale-fale har ya cika firam bakwai, ya sami ragowar da ya liƙa wa bayan ƙofa da gefunanta. Ramin da ya bari ya cusa masa kwalaye da tsofaffin jaridu, ya mayar da ita ya shimfiɗa zanin gado ya lailaye.

Yadin rufi bai ba shi wahala ba. A akwatin Adiza akwai sabuwar atamfa ta yayi, wato ankon bikin ƙanwarta da za a yi wata mai zuwa, ba a kai wa tela ba tukuna. Ya yayyanka ta, ya rufe allunan da ita a bai don kada zanen ya nuna. Da ba ta isa ba ya ƙara da labule.

Adiza ta dawo ta tarar da alluna jingine ko'ina. Ta tsura wa ɗaya ido.

"Yadin nan kamar na san shi."

"Duk yadi in an juya shi a bai kama ɗaya suke."

Ta zauna a bakin gado don ta cire takalmi, sai ta ji ta nutse, wani abu ya yi ƙaras a ƙarƙashinta.

"Katifar nan ta rame."

"Zafi ne. Soso yana motsewa in rana ta yi yawa. Kimiyya ce, ba za ki gane ba."

Ta dube shi, ta dubi allunan, ta sake dubansa. Ukasha ya tuna yana da saƙo a waje.

Bayan an sauko Juma'a ya zo da ƙusoshi masu tsawon tafin hannu. Bangon gabas shi ya raba ɗakinsa da na Hajiya Lariba, kuma ta can ya fara. Bugu na farko lafiya. Na biyu lafiya. Na uku ƙusa ta shige kamar cikin tuwo, sai aka ji daga ɗaya gefen wani ƙara kamar motar kwanuka ta kife. Murfi ɗaya ya daɗe yana juyi a ƙasa kafin ya kwanta.

Hajiya ta bayyana a ƙofa, carbi a hannu ɗaya, lanƙwasasshen kwano a ɗayan.

"Shekara goma sha tara kwanukan nan suna kan kantarsu. Daga Makka na zo da su. Girgizar ƙasa ba ta sauke su ba, sai kai."

"Hajiya, bangon ne ba shi da ƙwari. Da ma ina so in gaya miki, wanda ya gina..."

"Mijina ne ya gina."

"Allah ya jiƙansa. Ya iya gini. Ƙusar ce ta cika ƙarfi."

"Ukasha, saurara. Gobe zan ajiye kujera a tsakar gida in ga wannan kimiyya da ta cinye mini kwanuka. In ta yi, na yafe. In ba ta yi ba, ka fara neman ɗaki."

Ya ci gaba da bugu, amma a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ya rufe bango huɗu. Allo ɗaya ya rage, ya rasa inda zai sa shi, sai ya kafe shi a kan taga. Ɗakin ya yi duhu ɗum, ya kunna ƙwan lantarki ya ce da ma haka ake so.

Asabar tun kafin la'asar gidan ya cika. Mutanen bes sun zo gaba ɗaya har da butar atayarsu. Matan gida sun jera benci. Hajiya Lariba ta kafa kujerarta daidai ƙofar ɗakin. Ukasha ya sa farar riga ya maƙala biro uku a aljihu. Sai ga Alhaji Issah cikin farar shadda, yana ƙamshin turare.

Ya sa ƙafa a ɗakin ya ja baya kaɗan, ya taɓa hanci. Jiƙaƙƙen zaren kwakwa ya kwana biyu a rufe.

"Wannan warin fa?"

"Na kayan waje ne, Alhaji. Haka suke zuwa."

Alhaji ya shiga tsakiyar ɗaki ya tafa hannu sau ɗaya. Tafin ya mutu nan take. Ya sake tafawa. Ya yi tari, ya jira bango ya mayar masa, bango ya yi shiru. Ya ciro waya ya kunna wata tsohuwar waƙa ya ɗaga ta sama, muryar mawaƙin ta fito ita kaɗai, ba mai bin ta a baya.

"Kai," in ji Alhaji. "Abin nan fa ya yi."

Jamiu da ke bakin ƙofa ya saki baki. Shi kansa Ukasha sai da ya yi mamaki. Da a nan ya rufe bakinsa, da ya sami aikin ɗaki huɗu, ya tsira da ɗakinsa. Amma ya ga idon mutane a kansa, ya gyara wuyan riga.

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Alhaji. Ɗakin nan haɗiye magana yake yi. In aka rufe ƙofar nan, ko bindiga aka harba a ciki, na waje ba zai ji ba kuraa, ko ƙis."

Jamiu ya ja shi gefe ya rage murya. "Cale, ba haka ba ne. Kashe amsa-kuwwa daban, hana sauti fita daban. Kwanon rufinku ɗaya da duk gidan, ga silin ɗinka a fashe."

"Kuna ji? Baƙin ciki ya fara. To zo ka gani da kunnenka. Jama'a, kowa ya fita tsakar gida!"

Aka fita. Ukasha ya jawo Jamiu ciki, ya tura ƙofa. Soson da ya liƙa a gefunanta ya hana ta shiga, ya sa kafaɗa ya banka ta da ƙarfi har ta zauna daram. Ya cika ƙirji da iska.

"Kuna ji na?"

A waje muryar ta fito tar, har akuyar maƙwabta ta ɗaga kai. Wani ɗan bes ya buɗe baki zai amsa, Hajiya Lariba ta ɗora yatsa a leɓe ta zagaya da ido. Kowa ya kama bakinsa.

"Hajiya Lariba! Adiza! Alhaji! Kuna ji na?"

Shiru.

Ukasha ya juyo yana washe baki. "Ka ji ko? Ka ji aikin Injiniya?"

"Ukasha, wannan shirun bai yi mini ba. Mu fita."

"Mu fita ina? Shekara shida ina gidan nan ban taɓa samun inda zan yi magana son raina ba sai yau. Bari in gaya maka, waken Hajiya Lariba rabinsa tsakuwa ne. Haƙorina na gefe a kansa ya tafi. Kullum ina ce mata ya yi daɗi don ina tsoron bakinta ne. Kuma kwanukan nan da take cewa daga Makka, na ga irinsu a kasuwar Nima an zube a ƙasa."

"Ka rage murya, don Allah."

"In rage don wa? Adiza ma, tana can tana harare-harare, ba ta san rabin katifarta na bangon nan ba. Ka taɓa nan ka ji laushi. Wannan yadin kuma yayin bikin ƙanwarta ne, na juya shi a bai. Sai ta buɗe akwati za ta sani, lokacin na zama babban mutum, in sayo mata goma."

"Innalillahi," in ji Jamiu, ya zauna a ƙasa.

"Shi kuwa Borga, ka ga yadda yake tafa hannu kamar ya san wani abu? Shekara ashirin da biyu yana wanke kwano a Jamus, ya dawo yana mana iyayi. Ni na lura kunnensa na hagu ma ba ya ji. Ko buhun gawayi na rataya masa a bango zai ce ya yi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya share gumi, don ɗakin ya fara zama tanda, ya ce, "To, mu je mu karɓi tafi."

Ya kama hannun ƙofa ya ja. Ƙofa ba ta motsa ba. Ya sa ƙafa a bango ya ja da hannu biyu. Hannun ƙofar ya tsinke ya biyo shi, ya tafi da baya ya daki bango, allo biyu suka sauko masa a ka da zaren kwakwa. Ya tashi ya nufi taga, ya tuna ya kafe ta da ƙusa takwas, hamar kuma tana waje.

Ya bubbuga ƙofa. "Jama'a! A turo ƙofar daga waje! Ta cije!"

Shiru.

"Adiza! Ku turo! Zafi zai kashe mu!"

Sai muryar Hajiya Lariba ta shigo, a sanyaye, kamar tana zaune kusa da shi a bakin gado.

"Injiniya, ba ma jin komai. Aikinka ya yi kyau."

Tsakar gida ta fashe da dariya, dariyar ta shigo ɗakin gaba ɗayanta, ba abin da allunan suka rage. Ukasha ya tsaya da hannun ƙofa a hannunsa. Ya dubi Jamiu. Ya dubi silin.

"Tun daga ina suka fara ji?" ya tambaya da raɗa.

"Tun daga tsakuwa," in ji wani daga waje.

Jamiu ya rarrafa bakin ƙofa. "Hajiya, ni ne Jamiu. Ni ban ce komai ba, Allah ya gani."

"Jamiu, kai muna jin ka ras. Kai kaɗai ne a ciki?"

"Hajiya, ki yi wa Allah. Numfashina na ɗaukewa."

Aka bar su suka ƙara dahuwa kaɗan. Ukasha ya manna kunne a ƙofa yana son jin abin da ake shiryawa. Abin da ake shiryawa kuwa Adiza ce ta ɗauko taɓarya, ta ce kowa ya matsa, wannan ƙofar tata ce. Duka ɗaya ta yi mata. Ƙofa ta buɗe da Ukasha a jikinta, ya yi baya taga-taga ya faɗa kan gado. Katifar da ba ta da ciki ba ta tare shi ba, katakon gado ya karye, girgizar ta sauko da sauran allunan ɗaya bayan ɗaya.

Jamiu ya fito da gudu ya kafa kai a bokitin ruwa. Ukasha ya fito daga baya, farar riga ta koma ruwan ƙasa, zaren kwakwa a kansa kamar sheƙar tsuntsu, biro ɗaya ya fashe a aljihu. Adiza ta wuce shi ta shiga, ta fito da allo ɗaya, ta farke yadin a gaban mutane ta juya shi. Zanen yayi ya bayyana, matan gida suka ɗauki salati, don duk sun sayi irinsa.

"Na ji ka ce goma," in ji Adiza. "Kowa ya ji. Goma nake jira, da katifa. Kafin nan a kan kwalayenka za ka riƙa kwana."

Ukasha ya juya wajen Hajiya ya durƙusa, murya can ƙasa. "Hajiya, ki yi haƙuri, zafi ne ya taɓa mini kai."

Hajiya ta sa hannu a bayan kunne. "Ana magana ne?"

"Na ce ki yi haƙuri."

"Da wace murya ka ce wakena tsakuwa ne? Da ita nake so. In na ji da kyau, ka zauna a ɗakinka. In ban ji ba, ga ƙofa."

Ukasha ya miƙe, ya dubi mutanen bes, ya dubi matan gida, har da waɗanda suka leƙo ta kan katanga. Ya cika ƙirji.

"Waken Hajiya Lariba ba tsakuwa!"

"Haƙorinka fa?"

"Rake ne ya cire shi!"

"Kwanukana?"

"Daga Makka suke!"

"Yoo. Gobe ka zo ka mayar mini da kanta."

Saura Alhaji Issah, wanda tun ɗazu yake zaune a benci yana kaɗa ƙafa. Ukasha ya matsa ta damansa ya sunkuya zai fara. Alhaji ya ɗaga hannu, ya juyo masa da ɗaya gefen, ya nuna kunnen hagu.

"Faɗa a nan. Da shi na ji ka."

Sai da dariya ta lafa Ukasha ya samu ya ba da haƙurinsa. Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe shadda.

"Kwanon kam na wanke, shekara huɗu, ban ɓoye wa kowa ba. Da shi na fara tara na benen da kake son yi wa aiki." Ya juya wajen Jamiu da ke tsane fuska. "Kai ne ka ce kashe amsa-kuwwa daban, hana sauti fita daban? Wannan ma na ji. Kana da tef na awo?"

"Yana shago, Alhaji."

"Mu biya mu ɗauka."

Suka nufi ƙofar gida. Ukasha ya tsaya a tsakiyar tarkacen katako da soso yana kallon aikin ɗaki huɗu na tafiya a ƙafa. Ya ciro zaren kwakwa daga kunne. Har sun kai zaure, abin ya ci ƙarfinsa.

"Jamiu! In ka maƙale a wani wuri ka kira ni!"

Jamiu ya dubi Alhaji. "Ka ji shi?"

Alhaji bai ko waiwaya ba. "Ban ji ba," in ji shi.